Me ya sa ake hana farautar beyar grizzly?

Malam, ka tambaya me ya sa Amurka ke kare beyar grizzly, wata babbar dabbar daji ta Arewacin Amurka, alhali tana kashe shanun manoma. Matsalar haihuwarta ce. Macen ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara biyar, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa takan yi shekara uku tana reno. Don haka in ana kashe su, yawansu ba ya saurin farfaɗowa. Mai farautar alfahari kuwa kanta da fatarta kawai yake so, ya rataye a falo, abin da ni dai ban ga jarumtarsa ba.

Tun 1975 aka sa beyar grizzly cikin dabbobin da ake ba kariya. Da aka janye kariyar a yankin gandun dajin Yellowstone a 2017, jihar Wyoming ta shirya farauta, sai wani alƙali a jihar Montana ya dakatar da farautar a 2018.