Kifin da ake cewa yana wanke ruwan tabki

Tambaya: Malam, ni masunci ne a tabkin Gidimuni, jihar Damagaram. Da bazara ruwanmu kan yi kore shar, da asuba tarwaɗa da karfasa na tasowa suna haki. Wani ya ce zai kawo mana 'ya'yan wani kifin Amurka mai cin gansakuka da taɓo, wai yana tsabtace ruwa. Mu tara kuɗi?

Amsa: Kada ku ba shi ko dala. Kifin da yake nufi shi ne gizad shad, ɗan gidan su sardin da bonga, asalinsa koguna da tabkunan Amurka ta Arewa. Tumbinsa kakkaura ne kamar ƙundun kaza, da shi yake niƙe abin da ya tace daga ruwa da wanda ya kwasa a ƙasa. A can, ƙananansa ne abincin manyan kifaye da tsuntsaye.

Amma zancen "yana wanke ruwa" ya ishe ni, kullum sai na ji shi. Abin da ya ci a taɓo ba ɓacewa yake ba. Sinadaran da ke kwance a ƙasa, fosfaras da naitirojin, shi ke tono su ya kasayar a tsakiyar ruwa, su zama taki ga koren da kuke kuka da shi. 'Ya'yansa kuma suna cinye ƙwarin ruwa masu rage koren, waɗanda 'ya'yan kifinku ke rayuwa a kansu. Mace guda na zuba ƙwai dubu ɗaruruwa, kuma yana saurin girma har ya kai santimita 30, ya fi ƙarfin bakin yawancin masu cinsa. Ga shi duk ƙaya. In ya shiga tabki, ba taru ba, ba birgi ba, babu mai fitar da shi. Wa ma ya san abin da ke cikin jarkar mutumin, da cutar da ya ɗauko?

Hakin asuba ƙarancin iska ne a ruwa: kore na shanye ta da dare. Ka tsoma hannu zuwa gwiwa da rana. In ba ka hango tafinka ba, ruwan ya yi kauri. Ku keɓe mashayar dabbobi, ku janye takin garake da wanki daga baki, ku rage kifi kafin ruwa ya ja. In zubi za a yi, a bi ta ma'aikatar muhalli ta Damagaram, a zuba irin na gida, sarkin ruwa yana tsaye a wurin.