Hannun jari ba shi da kaka

Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ya rubuto: "Bana na fitar da masara da waken suya, na ware naira miliyan biyu da ba na buƙata nan kusa. Yarona da ke jami'a ya dame ni in sayi hannun jari, har ya nuna mini a waya. Ni kuwa ban san abin da ake saya ba, tunda ba buhu ba ne da zan buɗe in damƙi ƙwaya in gani. Yaya ake saye, yaya ake sayarwa, kuma anya ba caca ba ce?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a cinikin bana. Yaronka bai kawo maka shirme ba, amma ka yi daidai da ka tsaya tambaya kafin ka saki kuɗi.

Abin da ake saya yanki ne na kamfani. Ka san yadda mutum uku ke haɗa kuɗi su ɗauko tirelar gero, kowa da kasonsa, in an ci riba a raba, in an faɗi a sha tare. To haka ne, sai dai a nan abokan haɗin naka dubbai ne, kuma ba ka san su ba. In ka sayi hannun jarin Dangote Cement, kana da ɗan kaso a masana'antar Obajana da kowane buhun siminti da ya fita daga cikinta. In BUA Cement ne, kana da rabo a ta Sakkwato. MTN ta shiga kasuwar hannun jari a 2019, don haka ko katin da kake sakawa a waya akwai masu hannu a ribarsa. A nan ya bambanta da caca: akwai dukiya ta gaske a ƙasa, ana sarrafawa, ana sayarwa. Mai mayar da shi caca shi ne wanda ya sayi abin da bai san sana'arsa ba don kawai ya ji an ce zai tashi gobe.

Kasuwar tana Legas. An kafa ta a 1960, ta fara ciniki a 1961, yau ana kiranta NGX, hukumar SEC ce ke sa mata ido. Kai da ni ba ma shiga mu yi tayi da bakinmu, sai ta hannun dillali mai lasisi. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare ka, kai da kullum kake tare da 'yan kamasho. Za ka buɗe asusu a wurinsa da BVN, katin shaida, hoto da takardar da ke nuna inda kake zaune. Shi kuma ya buɗe maka asusu a CSCS, wato ma'ajiyar da ke riƙe hannayen jarin kowa, a ba ka lambarka da ake kira CHN. Ka ɗauki CSCS a matsayin sito: kayan suna can da sunanka, dillali ɗan aike ne kawai. Ka tabbata sunanka ne a kan asusun, ba na yaronka ba, ba na dillali ba, kuma kafin ka tura ko sisi ka sa yaron ya duba sunan dillalin a jerin masu rajista da ke shafin SEC.

Cinikin kansa, daga Litinin zuwa Juma'a, tamkar bakin rumfarka ne. Masu saye suna jera tayinsu, masu sayarwa suna jera farashin da za su sallama. Wannan ya ce naira 49, wancan ya ce albarka, sai 50. Inda tayi da sallamawa suka haɗu, kwamfuta ta ƙulla ciniki. Kana iya ce wa dillali ya saya a duk yadda kasuwa take, kana iya yanke masa farashi ka ce kada ya wuce kaza. Ni na fi son na biyun ga sabon shiga. Bayan 'yan kwanakin aiki kayan su shiga asusunka, in kuma sayarwa ka yi kuɗin su faɗo. La'adar dillali da kuɗin hukumomi sukan kai wajen kashi 2 cikin 100 a saye, a sake cire kwatankwacin haka a sayarwa. Mai saye yau ya sayar jibi, dillali yake yi wa noma.

Riba ta hanya biyu take zuwa. Mu ƙaddara ka sayi hannu 10,000 a kan naira 50, ka kashe 500,000 ke nan. Ƙarshen shekara kamfani ya ce zai raba naira 4 a kowane hannu, naka 40,000, a cire harajin kashi 10 cikin 100, ka ji ƙarar shigowar 36,000 a wayarka. Ɗaya ke nan, kuma ba dole ba ce, kamfani na iya cewa bana babu rabo. Ta biyu ita ce farashi ya tashi zuwa 70 ka sayar. Amma yana iya sauka zuwa 35, ka wayi gari 500,000 ɗinka ta koma 350,000 alhali ba ɓera ba ƙwaro.

Ga inda nake so ka zauna da kyau, don a nan 'yan kasuwar hatsi suke zamewa. Kai ka saba da ajiya. Ka sayi masara da kaka tana arha, ka zuba magani, ka kulle sito, ka jira damina ta yi nisa rumbuna su yi ƙasa. Ko a hatsin ma akwai shekarar da lissafi ke ƙin ci, amma dai akwai lokacin da ido ke kallo. Hannun jari ba shi da kaka, ba shi da bazara. Babu watan da za ka ce lallai zai tashi. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jari gaba ɗaya, ya haura 66,000, cikin shekara guda ya rikito zuwa wajen 20,000. Kafin nan, tun haɗe bankuna na 2004 da 2005, jama'a sun yi rububin hannun jarin banki, wasu har da bashi suka saya, bankunan da kansu suke ba da rancen. Na san wani maƙwabcinmu mai shagon atamfa da ya sayar da fili ya zuba a wani banki a lokacin. Takardar shaidar tana nan cikin akwatin ƙarfe, a naɗe cikin leda tare da takardar gida, gefenta ya yi ruwan ƙasa. Filin kuwa yau bene ne a kansa, na wani. Waɗanda suka fita da sauƙi su ne masu kuɗin kansu, da suka rarraba a kamfanoni daban-daban, ba wanda ya tsaya musu a wuya su sayar a ranar faɗuwa.

Shi ya sa kalmarka ta "nan kusa" ba ta gamsar da ni ba. In nufinka ba ka buƙatar kuɗin sai kaka mai zuwa, to jarin hatsi ne yake hutu, kada ka taɓa shi. Kuɗin da ya dace da wannan kasuwa shi ne wanda za ka iya mantawa da shi shekara uku zuwa biyar, ba na awo ba, ba na makarantar yara ba, ba na kujerar Makka ba. Da ni ne, da kashi ɗaya cikin huɗu zan fara, in raba shi a kamfani uku ko huɗu da na san abin da suke sayarwa, siminti, sukari, sadarwa, in zauna shekara ina kallon yadda zuciyata ke yi duk ranar da farashi ya sauka. Wannan karatun ba a yinsa a littafi.

Batun halacci kuwa, malamai da yawa sun yarda da mallakar kaso a kamfani in sana'arsa halal ce, don haka kamfanin giya da bankin ruwa sun fita daga lissafinka. Tun 2012 kasuwar tana da ma'aunin Lotus, wanda ke tace kamfanonin da suka dace da shari'a, bankin Jaiz ma yana kasuwar tun 2017. In hawa da saukar farashi ba ta yi maka ba, akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar ruwa, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Maganar zakkar wannan jari ka kai wa malaminka, da takardun a hannu.

Sai abin da yaron ya nuna maka a waya. Akwai manhajojin dillalai na gaskiya, akwai kuma na 'yan damfara, kuma a ido duk kala ɗaya ne. MMM ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a 2025. Duk wanda ya ce maka riba tabbas ce, kaza a wata, ko ka kawo mutum biyu a ƙara maka, ba hannun jari yake sayarwa ba. Ka tambayi yaron sunan dillalin da ke bayan manhajar, ka ga lambar CHN ɗinka da idonka, sannan ranar buɗe asusu ka cike takardar da za ta sa a riƙa turo rabon ribarka kai tsaye banki. Ka rubuta lambar a littafin da kake rubuta bashin kasuwa, ka nuna wa uwargida shafin.