An kawo shi daga kasuwa yana sambatu: gamo ne ko rana?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ƙanena ɗan dako ne a Kantin Kwari. Makon jiya da azahar aka kawo shi gida a Adaidaita Sahu, jiki kamar garwashi, yana sambatu, bai gane kowa ba. Innarmu ta ce gamo ya yi, aka rufe shi a ɗaki aka yi masa hayaki. Da dare ya farfaɗo, yanzu yana son komawa aiki. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: 'Yar'uwa, kuna da gaskiyar rashin kwanciyar hankali. Yaron nan da sauran kwana ne kawai. Abin da kika zayyana ya fi kama da bugun zafi: jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kansa ke kai 40 ko fiye, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Maganar gamo ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya wuni da dilar atamfa a ka, rana na dukansa, ya faɗi, sai a ce ya taka 'ya'yan aljanu da tsakar rana. A kulle tagogi, a lulluɓe shi, a kawo kasko da garwashi. Wanda jikinsa ke dahuwa shi kuka ƙara wa wuta! Ban hana addu'a ba, ni ma ina yi. Amma a yi ta hannu na zuba ruwa. Rabin sa'ar farko ita ce komai, mu kuwa a nan muke ɓatar da ita wajen neman mai turare. Daga nan sai kemis, a sa masa allurar maleriya da farasitamol. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, domin ba zazzaɓi ba ne, hanta kawai zai ƙara wa nauyi.

Abin yi: inuwa, a cire masa kaya, a kwarara masa ruwan randa, a yi ta fifita. In da ƙanƙara, a sa a wuya, hammata da matsematsi. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda bai cikin hayyacinsa, zai shaƙe. Sai asibiti, ana tafe ana jiƙa shi. Ki tuna lokacin zafi lokacin sanƙarau ne ma, shi ma yana zuwa da zafi da ruɗewa.

Kafin ya koma Kwari, ki kai shi Asibitin Murtala a duba ƙoda da hanta. Ki tambaye shi launin fitsarinsa; in ya yi duhu kamar shayi, yau za ku tafi, ba gobe ba. In likita ya sallame shi, ya fara da aikin safe, ya yi ta shan ruwa tun kafin ƙishi, ya bar dakon azahar tukuna.