Amsa kan ƙarin ƙwayoyin Sertoli a ɗan maraina

Ɗan'uwa, ka ce an gano ƙari a ɗan marainanka, likita ya ambaci ƙwayoyin Sertoli, kana son sanin ko sankara ce.

Waɗannan ƙwayoyin halitta, da Enrico Sertoli ɗan Italiya ya bayyana a 1865, ba su ne ke zama maniyyi ba. Renon ƙwayoyin maniyyi suke yi, suna ciyar da su, suna kuma kafa shingen da ke hana garkuwar jiki kai musu hari. Ƙarin da ke tasowa daga ƙwayoyin Sertoli ba kasafai ake samunsa ba, kuma yawancinsa ba sankara ba ne, wato ba ya yaɗuwa, sai kusan ɗaya cikin goma. Wani lokaci yana fitar da sinadarin mata har nonon namiji ya kumbura.

Kada rashin zafi ya ruɗe ka, haka ma gwajin jini mai kyau, domin alamomin da ake nema a jini galibi ba sa hawa a irin wannan ƙari. Tabbaci yana zuwa ne bayan tiyata ta matsematsi, idan an duba tsokar a ɗakin gwaji. Ka ga likitan mafitsara da wuri, ka kuma tambaye shi batun adana maniyyi kafin aikin.