Deililina ta daina fure, sai ganye

Hajiya, kin ce deililinki (shukar furen ado da ake kira daylily da Turanci) irin Stella de Oro ta shekara 4 a wuri ɗaya, bana kuma sai ganye kawai, fure ɗai-ɗai. Cunkoso ne ya kama ta. Wannan shukar 'ya'ya take yi a gindi, in suka yi yawa sai su riƙa ƙwacen abinci da ruwa, furen ya ja baya. Shi ya sa ake raba ta duk bayan shekara 3 zuwa 5.

Ki haƙo dunƙulen gaba ɗaya, ki wanke ƙasar da ruwa. Za ki ga saiwoyi masu kauri, wasu sun kumbura kamar ƙananan dankali, nan take ajiye abincinta, kada ki datse su. Ki raba da hannu ko wuƙa mai kaifi, kowane kashi da tsiro 2 ko 3, ki rage ganyen zuwa kamar taƙi ɗaya. Wajen dasawa ake yawan kuskure: mahaɗar ganye da saiwa kada ta nutse fiye da santimita 2 zuwa 3. In ta yi zurfi, fure zai yi wuya.

Ki duba hasken ranar da take samu ma, tana son aƙalla awa 6. Ki sassauta takin da sinadarin naitrojin ya yi wa yawa, ganye yake ƙarawa. Kowane fure kwana ɗaya yake yi, ki riƙa tsinke busassun kafin su ƙulla iri.

Don Allah in kina da kyanwa ki nisanta ta da shukar, tana lalata wa kyanwa ƙoda.