Namijin kifin jaguwar na yayyaga macen

Malam, ka ce namijin kifinka jaguwar, kifin ado mai faɗa da ake kiwo a akwatin ruwa, na yayyaga macen kafin su yi ƙwai. Raba akwatin ruwan da raga mai ƙarfi, ka yanke ƙofa daidai jikin macen, wadda shi ba zai iya kutsawa ba, tunda ya fi ta girma. In ya taso mata sai ta tsallaka ta huta. Ajiye faffaɗan dutse gab da ragar, a kansa za ta zuba ƙwai, su ƙyanƙyashe cikin kwana 3.

Amma fa akwatin ya kai lita 400, in ba haka ba faɗan ba ya ƙarewa. Kuma zafin Maradi a Afrilu ba wasa ba ne: ruwan in ya haura digiri 30, iskar cikinsa na raguwa, namijin ya ƙara hasala. Riƙe ruwan a digiri 27, akwatin nesa da taga.