Ɗigo, Waƙafi da Lissafin Kwamfuta

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhaja da Python, ɗaya daga cikin harsunan da ake ba kwamfuta umarni da su. Alamar da ke cikin 3.25 aya ce ko ɗigo, kuma yaya ake karanta lambar?

Amsa: Ɗigo ne, domin aya jimla take rufewa, shi kuwa wannan yana raba cikakkiyar lamba da guntun da bai kai ɗaya ba. Ana cewa "uku da ɗigo biyu biyar", wato a kira alƙaluman da ke bayan ɗigo ɗai-ɗai. Abin da ke damuna shi ne yadda har wasu masu karanta labarai ke cewa "uku da ɗigo ashirin da biyar", wanda ke sa mai sauraro ya zaci 3.25 ta fi 3.5, alhali 3.5 uku da rabi ce, 3.25 kuwa uku da rubu'i. Idan aka zo kan 3.05, ina za su kai sifilin? Ga rabi, ga sulusi, ga rubu'i, ga humusi, duk muna da su, amma ganganci ya sa ana barinsu ana kama abin da ke rikita ma'ana.

Tambaya: Na ga a Faransa da Jamus ana rubuta 3,5. Zan iya yin haka a manhaja?

Amsa: A'a. A Python waƙafi jera abubuwa yake yi, saboda haka 3,5 lambobi biyu ne.

Tambaya: Python da ire-irensa, "harshen kwamfuta" za a ce ko "yaren kwamfuta"?

Amsa: Harshe ya fi dacewa a rubutu.

Tambaya: Malam, na tara 0.1 da 0.2, sai na ga 0.30000000000000004. Kwamfutar ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau. Tana ajiye lambobi ne da sifili da ɗaya kaɗai, bisa wata ƙa'idar ajiye lambobi mai suna IEEE 754 da aka fara fitarwa a shekarar 1985, kuma a wannan tsari ɗaya bisa goma, wato 0.1, ba ta ƙarewa, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa a namu rubutun, 0.333 har abada. Don haka sai ta yanke, ta riƙe mafi kusa. Nan ne Bahaushe ke cewa kama da wane ba ta wane, wato kamanni ba ya mai da abu ya zama ɗan'uwansa. Idan lissafin kuɗi kake yi, ka yi amfani da sashen decimal na Python, wanda ke ƙirga da goma-goma.